Ƙarfen Takalmin Gwaggo

Ni ba na iya riƙe magana. Tun ina makarantar 'yan mata a Umdurman aka san ni da haka, malamai suka yi faɗa har suka gaji. Amma akwai magana ɗaya da na riƙe shekara huɗu cur, kuma ranar da na sake ta, a tsakar gidanmu na unguwar Misfala a Makka na sake ta, gaban mata tara. Har yau ban yi da-na-sani ba.

Gwaggo ƙanwar babana ce, ita ta raine ni tun da mahaifiyata ta rasu. Kakanmu ne ya taso da iyalinsa a ƙasa daga wajen Kano da niyyar aikin hajji, ya tsaya noman auduga a Sudan don ya sami guzuri, ya rasu bai ga ko teku ba. A can aka haife ni. Gwaggo ta yi aure sau ɗaya, mijin ya rasu, ba ta sake ba. Abin da kowa ya sani shi ne wanki da guga take yi wa wani gidan shaƙatawa na Turawa a Hartum, hayin kogi. Amma kowace Lahadi da azahar sai ta ɗauki wani ƙunshi a hammata ta fita, alhali ni na san ba a wanki ran Lahadi a wurin. Sau uku ina tambayarta, sau uku tana ce mini in ji da karatuna. Ni kuwa ba a ce mini haka. Ina shekara goma sha biyar, shekaru kaɗan bayan an gama babban yaƙin Turawa, na bi ta a baya har muka haye gada.

Ta ƙofar kicin ta shiga. Na ba ta ɗan lokaci, sannan na ce wa kukun saƙo na kawo mata daga gida. Ƙarya ce, Allah ya yafe mini. Ya nuna mini wani labule da masu kai abinci ke bi, ya ce in tsaya nan kada in motsa.

Kafin in ɗaga labulen kiɗan ya riga ya shiga cikina. Na san badujalar 'yan sanda, na san kiɗan biki, wannan ba ɗayansu ba ne. Na leƙa. Wani ƙaton ɗaki ne mai daɓen katako, ranar la'asar tana shigowa ta tagogi, fankoki na juyawa a sama. A can ƙurya maza goma sha huɗu, baƙaƙe da farare, cikin fararen kwat. Kwat ɗin ma na san su, wani lokacin a gida Gwaggo ke goge su. Na sahun gaba suna riƙe da ƙahonin tagulla masu lanƙwasa kamar wuyan raƙumi. Na tsakiya nasu a ja shi ya yi tsawo, a tura shi ya gajarce. Na baya kuma begila, irin ta soja amma mai maɓallai. A gefe ga mai fiyano, ga mai ganguna da fayafayan tagulla, ga wani rungume da ƙaton goge wanda ya fi shi tsayi. Ba goga shi yake yi ba, da yatsu yake tsinkar tsirkiyar, dum, dum, dum, dum, kamar mutum mai nauyi yana tafiya, ba ya sauri ba ya tsayawa.

Abin da ya kashe mini jiki shi ne yadda suke magana da juna. Na gaba su faɗi wani abu a tausashe, na baya su miƙe tsaye gaba ɗaya su mayar musu da tsawa, har labulen yana rawa a hannuna. Jaz suke kiransa, daga baya na ji. Kiɗan ba ya tafiya daidai kamar na soja. Yana ɗan ɗingishi, dogo da gajere, dogo da gajere, kuma wannan ɗingishin ne ke ɗaga mutum daga kujera ko bai yi niyya ba.

Filin tsakiya kuwa cike yake da masu rawa biyu-biyu. Namiji ya riƙe hannun mace ya wurga ta can kamar ya gaji da ita, kafin ta kai ƙarshen hannunsa ya fizgo ta ta dawo tana dariya. Gwiwoyi a lanƙwashe, ƙafafu na harbin iska. Wani soja ya ɗaga tasa ya juyo ta ta bayansa, ta dira kamar kyanwa ta ci gaba. Na ce a raina yanzu wani zai karye. Ba wanda ya karye.

Sai kiɗan ya sauka, mutane suka ja baya suka bar fili. Wani siririn saurayi baƙi ya fito, baƙin wando, farar kwat, hula a karkace ta rufe rabin fuska. Ya tsaya, ya goge hancinsa da bayan wuyan hannu. Nan na ƙura masa ido. Mai wanki ce kawai ke goge hanci haka, saboda sabulu a yatsu, kuma mutum ɗaya na sani da ke yin haka ko hannunta a bushe yake.

Gwaggo ce.

Abin da ƙafafunta suka yi ran nan na sha gwada rubuta shi ina yaga takardar. Daga ƙugu zuwa sama kamar tana jiran mai ruwa ne a bakin ƙofa, hannaye a sake. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa ƙanƙara ce ke zuba a kan rufin kwano. Mai ganga ya yi mata tambaya da sanda, ta amsa da yatsun ƙafa. Ya kawo wadda ta fi wuya, ta maimaita masa abinsa ta ɗora masa ƙari da dunduniya. Can kuma duk su goma sha huɗun suka yi tsit lokaci guda, suka bar ta ita kaɗai a cikin shirun. Ta cika shi. Da ta kai inda take so ta buga dunduniya sau ɗaya, ƙahonin nan duka suka faɗo a kan bugun kamar an rushe katanga. Na yi ihu ban sani ba.

Ihun ne ya tona ni. A kan gada, muna komawa, tana riƙe da kunnena, ta ba ni labari a taƙaice. Wani tsoho ne baƙar fata ɗan Amurka ya zo da makaɗa ta Masar, ya tarar da ita a ɗakin wanki tana kwaikwayonsa ba takalmi. Shekara guda yana koya mata. Da zai tafi ya bar mata takalmansa. Ta ce, "Babanki bai sani ba. In kika buɗe baki, ni da ke har abada." Na rantse mata.

Bayan shekara biyu Baba ya ce tafiyar da ubansa ya fara, shi zai ƙarasa ta. Aka cire ni daga sakandare saura kaɗan in gama, na yi kuka na yi masifa, ba su fisshe ni ba. Muka bi ta tashar jirgin ruwa ta Sawakin muka sauka Jidda, muka yi aikin hajji, muka zauna.

Gidan da muka samu a Misfala irin wanda ake kira hoshi ne, ɗakuna takwas na laka da kwano sun zagaye tsakar gida ɗaya, duk Hausawa. Mai riƙe da gidan wata tsohuwa ce 'yar Sakkwato, kowa Iya yake ce mata, shekararta arba'in a Makka. Maza su fita da safe, wasu dako, wasu ɗinki, wasu sayar da ruwa. Mata kuwa daka. Gidajen Larabawa su aiko da alkama, da lalle, da kayan ƙamshin gahawa, mu daka mu mayar. Turame huɗu gare mu, kowanne da muryarsa, kuma Iya ce ke raba wa kowa wuri. Na gaya mata na iya Larabci da Turanci a rubuce. Ta ce madalla, ta miƙo mini taɓarya.

Garin babu kiɗa. In aka kama garmaho a gidan mutum, a titi ake farfasa shi. Ko a biki, mata sai sun rufe ƙofa suke taɓa ɗan abin da za su taɓa, a hankali. Daka kaɗai ne ba mai hana shi, saboda aiki ne. Shi ya sa matan gidanmu ke zuba duk abin da ke cikinsu a lugude, su cilla taɓarya sama, su tafa, su cafe. Gwaggo ba ta yi. Ta zama wadda ta fi kowa shiru a hoshin, daga turmi sai Harami. Ni kaɗai nake kallon ƙasa in ga yatsun ƙafarta suna motsi a cikin ƙura, in ji kamar in girgiza matan nan in ce musu kun san wace ce a tsaye kusa da ku? Sai in tuna rantsuwata in haɗiye.

Shekararmu ta biyu aka yi ruwa. Wanda bai zauna Misfala ba ba zai gane ba: duk ruwan da ya sauka a duwatsun Makka ta kanmu yake bi ya fita. Da hantsi ya shigo, jajawur, har gwiwa. Ya ɓalle ƙyauren ɗakin Iya, ya jiƙa buhun alkamar da aka kawo mana surfe. Washegari rana ta fito, kowa ya fito da akwatinsa tsakar gida ana shanya.

Ɗakin da ke kusa da namu na matar wani sagga ne, sagga kuwa shi ne mai sayar da ruwa a garwa. Mijinta wata biyu ke nan ƙafarsa ta dama ta kumbura ba ya iya taka ta, an yi rubutu an yi shafe-shafe ba sauƙi, har ƙaninsa ya ɗauke shi ya koma da shi wurinsa jinya. Mace ce mai taimako, ba zan ci haƙƙinta ba. Taimakon ne ma ya sa ta sa hannu a akwatin Gwaggo, lokacin da Gwaggo ta shiga ɗaki kwashe laka. Daga can ƙasa ta zaro wani ƙunshi na farin ƙyalle, an ɗaure shi tam. Ta kwance don ta shanya. Sai ta saki salati.

Takalma ne na maza, baƙaƙe, masu igiya. Ta kifa su. Kowanne an kafa masa ƙarfe biyu da ƙusoshi, ɗaya a baki ɗaya a dunduniya.

"Jama'a ku zo ku gani!" in ji ta. "Takalmin namiji a akwatin macen da ba ta da miji. An naɗe shi a likkafani. An buga masa ƙusa a tafi."

Mata suka taru. Wata ta ce, "Kafi ne, wallahi. Haka ake kafe mutum ya kasa tashi."

Gwaggo ta fito da tsintsiya a hannu, ta ga takalman a ƙasa, ta tsaya.

"Ƙafar mijina!" Matar sagga ta ɗora hannu a ka. "Ba ke kika ce masa Allah ya shirya ƙafar nan tasa ba, ranar da ya taka miki tabarmar salla? Kowa ya ji. Sati bai yi ba ya kwanta."

Iya ba ta son hayaniya. Tana zaune a inuwa da mafici, ta ce, "Kalas, ya isa. Ke baiwar Allah, na wane ne?"

"Nawa ne, Iya."

"Na marigayi mijinki?"

Da ta ce e, da an wuce wurin. Ni kaina na roƙe ta da ido. Amma Gwaggo ba ta yin ƙarya, ɓoyewa kawai take yi. Ta ce, "A'a."

"To me ƙarfe ke yi a ƙarƙashinsu?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai tana duban takalman.

Iya ta dube ta. Ta ce, "Shekara arba'in ban taɓa kai maganar gidan nan waje ba. Amma zancen sihiri a garin nan ba na tsakar gida ba ne, kin sani. In maza suka dawo daga la'asar ban ji bayani ba, zan tura wa mai unguwa, ke kuma ki nemi wani wurin kwana. Ba zan ajiye abin da ban sani ba a cikin mutane."

Kowa ya san me wannan ke nufi. Macen da aka kora daga hoshi da sunan sihiri, ba wani hoshin da zai karɓe ta daga Misfala har ƙarshen gari, kuma in maganar ta kai sama, korar gida ce mafi sauƙi. Gwaggo ta sunkuya ta ɗauki takalmanta. Na gani a fuskarta ta riga ta zaɓa: gara a kore ta a ce mai asiri ce, da a san ta yi rawa gaban maza cikin wando. Ni kuwa wannan zaɓin bai shiga kaina ba, har yau ma bai shiga ba.

Na ce, "Na rawa ne."

"Rufe mini baki," in ji Gwaggo.

"Ba zan rufe ba. Takalman rawa ne, Iya. Ƙarfen shi ke yin ƙara a kan katako. Na gan ta da idona a Hartum, makaɗa goma sha huɗu a bayanta."

"Gaban wa?" in ji Iya.

Ban iya rabin gaskiya ba. "Gaban Turawa."

Wata ta ce a'uzubillahi. Wata ta yi dariya ta toshe baki. Matar sagga ta ce, "Ku ji 'yar boko da ƙarya! Wa ke rawa da ƙarfe a ƙafa sai ka ce alfadari? Wannan matar da ko a biki ba ta ɗaga kafaɗa? Gwaggonta take karewa kawai."

"Da gaskiyarki," in ji Iya. Ta juya ga Gwaggo. "In na rawa ne, ƙafa za ta nuna. Sa su mu gani."

Gwaggo ba ta dube ni ba. Ta ce a hankali, "Ba a yin ta ba kiɗa, Iya."

"Ganga ba za ta shigo gidana ba."

Gwaggo tana tsaye da takalman a hannu. Sannan idonta ya tafi kan turame, ya tafi kan jiƙaƙƙiyar alkamar nan da dole a surfa ta yau ko ta lalace, ya tsaya a kan ƙyauren Iya da aka jingine a bango yana shan rana. Ta ce, "A zuba alkama."

Muryar da ta faɗi haka ba wadda matan gidan suka sani ba ce. Suka tashi.

Muka kwantar da ƙyauren a ƙasa, ta sa aka tura itace biyu a ƙarƙashinsa don ya sami amo. Aka sa wa ƙofar gida sakata. Ta ɗage zaninta zuwa ƙauri ta ɗaure, ta zauna ta ɗaura igiyoyin takalman. Sannan ta raba aiki kamar ita ce Iya.

Babban turmi ta ba wata ƙaƙƙarfar mata 'yar Damagaram. "Ke tafiya kawai za ki yi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kada ki yi sauri, kada ki yi ado, ko da gidan nan zai rushe." Masu turmi na biyu da na uku ta ce su bar bugun farko ya wuce, su faɗo a na biyu da na huɗu. Suka yi ta ɓata shi, hannu ya riga ya saba. "Ba nan ba, yaya. Inda kike jin bai kamata ba, nan za ki buga." Ni kuma ta miƙo mini murfin tukunya da cokali ba tare da ta kalli fuskata ba. Na san me take so, shekara huɗu yana kunnena: dogo da gajere, dogo da gajere.

Saura ƙaramin turmi, mai siririyar murya. Ta ɗauki taɓarya ta miƙa wa matar sagga.

"Ni? Allah ya kiyaye."

"Duk gidan nan ba mai lugudenki. Ki tsaya kusa ki ga abin da kyau, kada ki ce an rufe miki ido."

Ta karɓa tana hura hanci.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya fi ba su wuya. Gwaggo ta ce in ta ɗaga hannu kowa ya tsaya cak. Mai daka ba ta tsayawa a tsakiyar daka, in ta tsaya ta ɓata wa ta kusa da ita hannu, tun suna yara ake dukansu a kan haka. Sau uku ana gwadawa wata na zarcewa. Iya ce ta warware daga inda take zaune. Ta ce, "Kai, ku cilla taɓaren sama mana. Kafin su dawo ai shiru ne."

Aka fara. Dum, dum, dum, dum. Na biyu da na uku suka shigo ta gefe. Na sa cokali a murfi. Da farko daka ne kawai irin na kullum, sai dai ya karkace. Can sai na ji abin ya zauna, ɗingishin nan ya shigo, har kafaɗar 'yar Damagaram ta fara hawa tana sauka ba da saninta ba. Gwaggo ta hau ƙyauren. Ta goge hanci da bayan wuyan hannu.

Ta fara da ƙafa ɗaya kamar mai share ƙura. Sai dunduniya. Sai ɗayar ƙafar ta amsa. Shekara biyu rabonta da takalman nan, na ji ta yi tuntuɓe sau ɗaya, ta ciji leɓe, ta koma ta ɗauko wurin daga farko. Daga nan kuma ƙyauren da kullum muke turawa da ƙafa ya zama abu mai baki. Tsakanin bugun taɓarya da na gaba, inda ban taɓa sanin akwai wuri ba, nan take zuba bugu shida, takwas, ƙanana masu tsabta, kamar ana sakin tsakuwa a faranti ɗaya bayan ɗaya. Sama da ƙugu ba abin da ke motsi, ko mayafinta bai zame ba. Matan da ba su riƙe da taɓarya suka zauna daɓas a ƙasa, ɗaya da jiƙaƙƙen zani a hannu ta manta da shi.

Matar sagga ce ta fara tsokanarta. Ba na jin da niyya ta yi, hannunta ne ya ƙi zama. Ta yi wani ɗan lugude, ta bugi bakin turmi da gefen taɓarya, ƙwas, ƙwas-ƙwas. Gwaggo ta mayar mata da shi daidai da yatsun ƙafa. Matar ta ɗaure fuska ta yi wanda ya fi shi wuya, da tafi biyu a tsakiya. Gwaggo ta mayar, har tafin, da dunduniya, ta ɗora mata ƙari. "Kai!" in ji wata. Suka yi ta yi, wannan ta faɗa waccan ta amsa, gumi na ɗiga daga haɓar kowacce. Na tuna mai gangar Hartum da farar kwat ɗinsa. Wallahi bai fi matar sagga ba.

Sai Gwaggo ta ɗaga hannu.

Taɓare huɗu suka tashi sama lokaci guda. Na gan su a cikin rana suna juyawa, dusa na bin su. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarfe a kan katako, shi kaɗai, da gudu, yana hawa yana hawa. Ta buga dunduniya sau ɗaya, taɓaren nan huɗu suka dawo hannu suka faɗa turame a kan bugun. A ƙirjina na ji shi. Ƙahonin Hartum duka ba su fi wannan nauyi ba. Murfin tukunya ya suɓuce mini. Wata ta rangaɗa guɗa, Iya ta jefe ta da mafici.

Sau uku aka yi haka kafin alkamar ta surfu. Gwaggo ta sauko, ta zauna a ƙasa ta fara kwance igiya.

Aka buga ƙofa. Wata maƙwabciyarmu ce Balarabiya, ta turo kai tana tambayar ko lafiya, wace irin ƙara ce haka. Iya ta amsa mata da Larabci ko tashi ba ta yi ba: "Daka muke yi, ya Hajja, ruwa ya jiƙa mana alkama." Matar ta ga turame, ta ga dusa, ta tafi.

Iya ta sa aka miƙo mata takalman. Ta juya su, ta shafa ƙarfen da babban yatsa inda ya sule ya yi santsi. Ta ce wa matar sagga, "Taɓa nan. In kafi aka yi, ai bugawa ake yi a ajiye. Wannan ƙarfen aiki ya sha."

Matar ta taɓa. Ta ce, "To ƙafar mijina fa?"

"Ki kai shi a duba. Ciwon ba a akwatin mutane yake ba."

Sannan ta juya ga Gwaggo. "Abin da kika yi a Hartum, kin zo kin yi hajji a kansa, tsakaninki da Ubangijinki ne. Ba inda za ki. Amma takalman nan sun gama kwana a ƙunshe." Ta sa na buga ƙusa a bangon rumfar daka, ta rataye su da igiyarsu inda kowacce za ta gan su. "In namiji ya tambaya, a turo shi wurina. Wadda kuma ta kai maganar yau waje, ita ce za ta nemi wurin kwana." Ta nuna ni da haɓa. "Har ke, mai bakin nan."

Aka kira la'asar. Muka jingine ƙyauren, jikinsa duk tabon ƙarfe, ƙanana-ƙanana kamar sawun kaji. Baba ya dawo ya ɗaura wa Iya shi da hannunsa, yana cewa ruwan bana har katako ya ci.

Bayan sati biyu kurkunu ya fasa a idon sawun sagga, aka yi ta naɗe shi a tsinke har ya fita. Matarsa ta kawo wa Gwaggo kwanon dabino ta ajiye, Gwaggo ta ɗauka.

Ni ce ban samu da sauƙi ba. Ta ce ni da ita har abada, kuma ta yi niyyar cikawa. Wata guda muna ɗaki ɗaya, ta ajiye mini abinci, ta tashe ni salla da taɓa ƙafa, ba kalma ɗaya. Na ba ta haƙuri sau ɗaya, ban sake ba, don in na sake ƙarya zan yi. Da za a maimaita ranar, zan sake faɗa. Tana nan a gidan, ina jin tarinta da safe, wannan ya ishe ni.

Ran nan da hantsi muna surfe, ina kan turmi na uku, na bar bugun farko ya wuce na faɗo a na biyu, don kawai in ji. Daga bayana na ji Gwaggo ta ce, "Kina gaggawa. Kullum kina gaggawa. Jira shi ya zo." Na jira. 'Yar Damagaram ta gyara tsayuwa, matar sagga ta tofa yawu a tafin hannu, wata ta tashi ta je ta sa wa ƙofa sakata.